Ƙotar da Na Sassaƙa wa Duktura

Samarin da muke haya gida ɗaya da su a unguwar Nasim cewa suke yi ni ba aiki nake zuwa ba, hutu nake zuwa. Su suna kan gini rana tana dukan ƙeyarsu, ko suna maƙale da mota a cunkoson titi, ni kuwa ina cikin sanyin na'ura ina shafa bindiga da tsumma. Ranar Juma'a muna cin abinci ɗaya daga cikinsu ya ce in yi masa hanya a wurinmu, wai ai miƙa wa mutum bindiga ba ya bukatar karatu. Ban ba shi amsa ba, saboda shinkafa ce a bakina. Ga amsar nan na rubuta, wanda ya fara karantawa ya miƙa wa na kusa da shi.

Sunana Garba. Ina aiki a wani kulob na wasan harbi a gabashin Riyad, inda mutane ke zuwa su harbi takarda mai zagaye-zagaye da ƙananan bindigogi, wasu don nishaɗi, wasu don gasa. Kafin in zo ƙasar nan ni masassaƙi ne ɗan masassaƙi. Mahaifina ƙotar fartanya da ta gatari yake yi a ƙauyenmu, yamma da Kano, kuma ba ya ɗaga gizago sai ya ce wa manomi, “Miƙo hannunka in gani.” Ya juya tafin, ya matsa yatsun ɗaya bayan ɗaya, sannan ya shiga tarin ice ya zaɓo.

Shara da goge-goge aka kawo ni yi. A lokacin akwai wani dattijo mutumin Sham da muke kira Usta, shi ke da teburin gyaran ƙota, wato katakon nan da ake damƙa a riƙe bindiga. Wata rana ya ɗauki sandar mofar da nake goge ƙasa da ita zai matsar da ita daga hanya, sai ya tsaya yana jujjuya ta. Na riga na fere ta da wuƙa daidai inda hannuna ke zama, don ta daina yi mini kanta. Ya tambaya wa ya yi wannan. Na zaci faɗa zai yi. Washegari ya sa mudir, shugaban kulob ɗin, ya mayar da ni ƙarƙashinsa.

Kada ku zaci daga nan aka miƙa mini wuƙa. Na daɗe ba abin da nake taɓawa sai samfefa. Ya ba ni guntun katakon jauz, mai tsada da ake kawowa daga waje, ya ce in goge har ya yi santsi. In kai masa, ya rufe ido ya shafa da bayan yatsa, ya dawo mini da shi in sake. Sai da damina ta zagayo a gida sau biyu kafin ya bar ni na riƙe magagari. Da ƙafafunsa suka gaza ya koma ƙasarsu, ya bar mini kayan aikinsa a cikin wata tsohuwar jakar fata: magagarai manya da ƙanana, wuƙaƙen ƙwaƙule masu lanƙwasa, da wani ɗan buroshi da ya kusa ƙarewa amma har yau ban sami mai laushinsa ba.

Akwai wani saurayi dogo da ya taɓa zuwa da hoton bindiga a wayarsa, babba, baƙa wuluk, irin wadda ya gani a hannun jarumin fim. Ya ce ita yake so, babu wata. Na duba hannunsa. Tafin faffaɗa ne amma yatsun gajeru. Na ɗauko masa irinta, na cire harsashi, na nuna masa cikinta fayau babu komai, don ba a miƙa wa kowa bindiga sai an yi haka, ko da ubanka ne. Na ce ya riƙe. Yatsansa da ƙyar ya kai kunamar bindigar, sai da ya karkatar da hannun gaba ɗaya. Na ce ya rufe ido, ya ɗaga ta kamar zai harba, sannan ya buɗe. Da ya buɗe, bakinta yana kallon hagu kamar mai fushi da shi. Na ɗauko wata siririya da bai ko kalle ta ba da farko. Ya rufe ido, ya ɗaga, ya buɗe, sai ga saiti ya zauna daram a tsakiyar takarda. Ya tsaya yana kallonta, irin kallon da mutum ke yi idan ya gane wadda ya daɗe yana wucewa a layinsu ita ce tasa.

Aikin ke nan. Tsokar yatsa ta zauna kan kunama ba tare da miƙewa ba. Gindin ƙota ya cika tafi, kada ya bar rami. Nauyinta ya zama wanda hannu zai iya ɗauka a miƙe har numfashi ya lafa. Idan ta tashi ta yi baya, ta dawo inda take da kanta. Wata bindigar ta fi kowace kyau a cikin gilashi, amma da ka damƙe ta sai ka ji kamar ka gaisa da wanda ba ya son ganinka. Idan kuma mutum ya kai matakin gasa, ƙotar kamfani ba ta isarsa, sai an sassaƙa masa tasa daidai hannunsa shi kaɗai. Ni baƙo ne mai iƙama, wato takardar izinin zama, ba ni da ikon mallakar ko ɗaya. Na haɗa mutane da yawa da bindigoginsu, na tsaya ina kallo suna tafiya tare.

Sai aka kawo Ilu. Badamagare ne, baƙi siriri mai hushirya, shi ma shara aka kawo shi yi. Ranar farko ya ji Hausata ya ce, “Af, Bakano ne. To bari in ɓoye takalmina kafin a sayar da shi.”

Na ce, “Wa zai sayi takalmin Badamagare? Rairayin da ke ciki ya fi takalmin nauyi.”

Ni na roƙi mudir ya ba ni shi. Ni na koya masa samfefa, na koya masa karanta tafin hannu, na bar shi ya riƙe magagari tun kafin lokacin da Usta ya bar ni. Hannunsa bai kai nawa ba, kuma shi ma ya sani. Amma Ilu yana da baki. Larabcinsa zaƙi gare shi, yana tambayar mutum lafiyar 'ya'yansa da sunayensu, yana sa manyan mutane masu gemu dariya har su dafa tebur. Ba a jima ba sai mutumin da ni na sassaƙa wa ƙota ya shigo, ya gaishe ni sama-sama, idonsa na yawo, ya ce, “Wen Ilyas?” Wato ina Ilu. Nakan nuna masa da magagari in ci gaba da aikina. Wani lokaci in lura na ci katakon fiye da yadda na yi niyya.

Shekarar da annoba ta sa aka rufe gari, kulob ya zauna a kulle wata da watanni. Muna ɗaki ɗaya da Ilu a lokacin, muna cin burodi da wake muna kallon bango. Da aka buɗe, mutane ba su dawo kamar da ba. Mudir, Abu Faisal, ya kira mu ofis. Ya ce ba zai kori kowa ba, amma teburin ƙota ba zai ɗauki mutum biyu ba yanzu. Ɗaya zai zauna a tebur, ɗaya ya koma ɗakin wanki. Ɗakin wanki can baya yake, babu taga, babu mai shiga sai mai kawo bindigogin da aka gama harbi da su. Warin mai da baƙin hayaƙi kawai, ba ka ganin hannun kowa. Na ɗauka maganar a bayyane take, ni ne babba. Sai ya ce zai yi tunani. Na kalli Ilu, ya sunkuyar da kai.

Ana cikin haka aikin Duktura ya shigo. Likita ce mai fiɗa, tana zuwa ɓangaren mata bayan la'asar. Yanzu abubuwa sun sassauta, wasu matan har teburinmu suke zuwa, amma ita daga gidan da ba a yin haka ta fito. Namiji ba zai riƙe hannunta ya auna ba. Usta ya bar mana dabarar irin wannan. Ana cuɗa yumɓu mai laushi a naɗe shi a jikin ƙarfen bindigar, a kai wa mace ta damƙa kamar za ta harba, ta saki a hankali, a dawo mana da shi. Abin da ya fito a yumɓu shi muke bi.

Mai kai-kawo tsakaninmu da ɓangaren mata ita ce Hajiya Ladi, wata dattijuwa 'yar Sakkwato da ta fi mu daɗewa a ƙasar, tana kula da tsaftar can. Tun kafin a zo maganar yumɓu take kawo mini labari. Ta ce mai koyar da matan ta zaɓar wa Duktura wata bindiga marar nauyi, wai ita ta dace da mace. Duktura ta yi harbi da ita ta ajiye, ta ce tana rawa a hannu kamar cokali. Ta bi na cikin kabad ɗaya bayan ɗaya, mako bayan mako, har ta tsaya a kan wata tsohuwa mai dogon baki da nauyi a gaba, wadda maza ma ke gudu. Da na ji haka sai da na ajiye abin da ke hannuna. Duk kulob ɗin babu bindigar da nake so kamar wannan. Shekaru ina goge ta ina mayarwa, babu mai tambayarta.

Abu Faisal ya ce to ga mafita ta zo. Kowannenmu ya sassaƙa ƙota, a kai mata biyun ba tare da an faɗi ta wane ce ba. Wanda ta zaɓi tasa, shi ke da tebur.

Da safe Hajiya Ladi ta shigo da yumɓun a kan faranti, an rufe da tsumma mai laima. Na buɗe. Na ga hannaye da yawa a rayuwata, amma ban taɓa ganin wanda ya bar sawu mai tsabta haka ba. Yatsu dogaye, ba su matse ba, ba su saki ba. Ƙaramin yatsan ya ɗan karkata ciki. A gindin babban yatsa akwai tudun tsoka mai ƙarfi, na mai riƙe almakashi tsawon yini. Har zanen tafin ya fito, siririn layi ya gangaro ya rabu biyu kamar hanyar ƙauye. Babu alamar rawar hannu ko kaɗan. Ban taɓa ganin fuskarta ba, ban kuma nemi gani ba. Abin da ke kan farantin ya ishe ni.

Hajiya ta gaji da tsayuwa ta ce, “Malam Garba, yumɓu ne fa. Ba a kai masa lefe.”

Ilu ya tuntsire da dariya. “Bar shi, Hajiya. Bakano ya ga abin da ba na sayarwa ba, ya rasa yadda zai yi.”

Yumɓun ɗaya ne, dole mu yi karɓa-karɓa. Ni da safe, shi bayan azahar. Idan lokacinsa ya yi ya miƙo hannu zai ɗauki farantin, sai in yi ta jinkiri kafin in sakar masa. Da hannu ɗaya yake ɗauka, yana tauna cingam. Ya auna nan, ya auna can, ya rufe, ya ture gefe. Sauran lokacin a bakin ƙofa yake ƙarar da shi yana tare Hajiya da tambayoyi marasa kan gado. Yaya Duktura ke shigowa, a gajiye ko da kuzari? Tana ajiye bindigar tsakanin harbi da harbi? Me take fara yi idan ta zauna?

Hajiya ta ce, “Kai ɗan nan, ƙota za ka yi ko aurenta za ka nema wa wani? Tana shigowa ta zauna ta yi ta yarfa hannu tana miƙe yatsu, shi ke nan.”

Na ce a raina, yaro ya tsorata, ya koma hira.

Ni kuwa na zaɓi katakon da na daɗe ina ɓoyo a ƙasan jakar Usta, jauz mai duhu da jijiyoyi kamar zuma a cikin shayi. Na bi yumɓun layi-layi. Na yi wa kowane yatsa kwarinsa. Na bi karkatar ƙaramin yatsan nan na yi masa gurbi. Na tayar da katanga a ƙasa ta tallafe gefen tafi, na rufo wata a sama ta kwanta kan bayan babban yatsa. Inda tsokar nan take na ƙwaƙule a hankali, ina hurawa ina shafawa, har sai da na ɗora yumɓun da katakon gefe da gefe na ga kamar ɗaya ya haifi ɗaya. Abinci ma sai Ilu ya dungure ni nake tunawa. Tun da na fara riƙe magagari ban yi aiki kamar wannan ba, kuma ban sake yi ba.

Na leƙa ta Ilu ranar da ya gama. Kwarin yatsun ba su da zurfi. Saman a buɗe yake. Ka ce ƙotar kamfani ce aka ɗan yi wa gyara. Har tausayinsa na ji. Na fara shirya kalaman da zan lallashe shi da su idan ya koma ɗakin wanki.

Ranar gwaji muna zaune a teburin mu biyu. Ta bayan bango muna jin harbin ɓangaren mata, ɗaya, sai shiru, sai ɗaya. Can sai Hajiya Ladi ta shigo, Abu Faisal na biye da ita riƙe da takardun harbi biyu. Ya shimfiɗa su a gabanmu. A ta farko ramukan sun taru wuri guda, murfin kwalbar lemo zai rufe su. A ta biyu sun ɗan bazu, ba da yawa ba, amma ido na gani. Ya ɗora yatsa kan ta farko ya ce wannan da ƙotata aka yi.

Na gyara zama. Ban kalli Ilu ba, don kada ya ga fuskata.

Sai Hajiya ta ajiye ƙotata a kan tebur, an kwance ta daga jikin bindigar. Ta ce, “Ta Ilu ta ɗauka.”

Na ce, “Hajiya, ko dai an rikita su?”

“Ba a rikita komai ba, ina tsaye. Ta sa hannu a taka, sai na ga ta yi turus. Ta harba, ta harba, duk suna shiga. Tana gamawa ta zare hannunta da sauri ta goge a jikin abaya. Ta ce wanda ya yi wannan gwani ne, a gaya masa. Amma ba za ta iya ba.”

“Me ya sa?”

Hajiya ta ɗan kau da kai. “Ta ce ji take kamar wani ne ya riƙe mata hannu.”

Na juya wurin Abu Faisal na ce ya dubi takarda, ai takarda ba ta ƙarya. Ya tattara takardun ya naɗe. Ya ce, “Takarda ba ta dawowa gobe, ya Garba. Duktura ce ke dawowa. Khalas, shi ke nan.”

Bayan sun fita Ilu ya daɗe yana wasa da wani guntun samfefa. Sannan ya ce, “Yaya Garba, wallahi taka ta fi tawa. Ko makaho ya shafa ya sani.”

“To me ka gani da ban gani ba?”

“Ban ga komai ba. Ji na yi. Mace tun asuba hannunta na cikin safar roba, a matse, ran mutum a ƙarƙashinsa. Ta fito ta zo nan tana yarfa yatsu. Sai na ce bari in bar mata wuri ta sha iska.” Ya ɗan yi murmushi, hushiryar ta fito. “Kai kuma ka rungume ta gaba ɗaya, Bakano. Ko gaisuwa ba ku yi ba.”

Na so in yi dariya, ta ƙi zuwa. Na ɗauki jakar Usta, na ciro magagarai biyu da wuƙa ɗaya na bar masa, don tebur ba ya aiki da baki kawai. Sauran na tafi da su.

Yanzu shekaru ke nan ina ɗakin wanki. Sanyin na'urar da kuke yi mini gori a kai, can ba ya kaiwa sosai. Ilu ya yi suna, har daga wasu garuruwa ake zuwa wurinsa. Idan ya haɗu da hannu mai wuya, wanda ya taɓa karyewa ko mai yatsa guntule, yakan shigo da yumɓun a ɓoye ya ce, “Yaya, duba mini nan.” Ina dubawa. Idan ya fita ina jin mai hannun yana yi masa godiya da babbar murya, har da addu'a ga iyayensa. Duktura ma tana nan. Bindigarta tana zuwa mini wanki, da ƙotar Ilu a jiki, ta yi duhu da sheƙi saboda riƙo. Ina wanke ƙarfen tas. Katakon kuwa da gefen tsumma nake taɓa shi.

Tawa ƙotar ta yi kwanaki a kan shiryayye, don babu hannun da za ta shiga a duniya sai guda ɗaya. Wata safiya Abu Faisal ya gan ta ya ce katako mai tsada ba zai zauna a banza ba, in rage ta yadda kowa zai iya riƙewa, a ɗaura wa ɗaya daga bindigogin haya. Ilu ya ce shi zai yi. Na ce a'a.

Na ɗaure ta a tebur na ɗauki babban magagari. Na fara da katangar sama, na bi da kwarin yatsun ɗaya bayan ɗaya. Gurbin ƙaramin yatsan na bari ƙarshe. Kafin azahar ta zama ƙota kamar kowace.

Tana nan a layin haya, ta uku daga ƙofa. Jiya wani ƙaton mutum mai gumi a hannu ya ɗauke ta, ya yi harbinsa yana hira da abokinsa, ko kallonta bai yi ba. Da aka kawo mini ita wanki sai da na canza tsumma.